Ni Akawu Ne, Amma Lissafin Magani Ya Kayar da Ni

Shekara 35 na yi ina riƙe da lissafin kuɗin gwamnati, ba a taɓa tsare ni kan ɓatan kwabo ba. A Bauchi na fara aiki a 1981, lokacin Gombe tana ƙarƙashin jihar Bauchi. Da aka ba mu jiha a 1996 aka dawo da ni gida, na ci gaba da zaman teburin akawu a wani ofishin gwamnatin tarayya har na ajiye aiki a 2016. Na fara da wannan ne don a san cewa mai ba da labarin nan ya iya lissafi. Duk da haka lissafi ɗaya ya kayar da ni, kuma hannuna na hagu, wanda har yau ba ya iya ɗaga buta cike da ruwa, shi ne rasiɗin.

Ina da wani dogon littafi mai baƙin bango, irin wanda muke shigar da kuɗin shiga da na fita a ofis. Hali zanen dutse, ko bayan ritaya ban iya kashe naira ban rubuta ba. Shafukan baya na ware wa magani: kwanan wata, sunan magani, na wane ne, nawa aka saya. Duk wani adadi na gidana da zan ambata a nan daga cikinsa na kwafo.

Katin asibiti na gwamnati ya shigo gidana ne bayan gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, a 2005. Dokar tun 1999 take, sai a lokacin abin ya tashi. Ƙa'idar ita ce ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mu kuwa bakwai Allah ya ba mu. Biyu sun riga sun wuce shekarun, saura biyar, gurbi huɗu. Na tuna daren da muka zauna da Hajiya muna jujjuya wanda za a bari, har ta ce a bar na ukun, tunda shi ko mura ba ta cika kama shi ba. Abokan aikina masu mata biyu da uku nasu rikicin ya fi namu. Akwai wanda ya ƙi cike fom ɗin gaba ɗaya don a zauna lafiya.

A 2009 aka ce ina da hawan jini. A 2012 aka gano Hajiya tana da ciwon suga. Gaskiya ban ɗauki abin da zafi ba a lokacin, don katin ya ɗauke mana nauyin. Ka ga likita, ya rubuta, ka je tagar magani a lissafa, ka biya kashi 10 cikin 100, ka ɗauki ledarka ka kama hanya. Na duba shafin 2014, akwai watan da maganinmu mu biyu ya ci mini naira 640. Kuma muna ta ƙorafi, wai layi ya yi tsawo, wai ba sa ba da magani mai tsada sai mai araha. Yanzu in na tuna ƙorafin nan dariya nake yi.

Wata uku ko huɗu bayan na ajiye aiki na je karɓar magani kamar kullum. Yarinyar da ke kan kwamfuta ta daɗe tana dube-dube, sannan ta ɗago.

"Baba, sunanka ba ya cikin jerin wannan watan."

"Sake dubawa dai, 'yata. Shekara goma ina zuwa nan."

Ta sake dubawa, don girmamawa kawai. "Baba, ko ka yi ritaya ne?"

Na ce eh. Ta ce to ai shi ke nan, sai dai in yanki kati irin na kowa in biya kuɗi cikakke.

Ban yi mata faɗa ba, ba ni da bakin yi. Ni da hannuna na sha cire sunayen waɗanda suka ajiye aiki daga jerin ma'aikata in aika sama. Katin a jikin albashi yake rataye, ran da albashi ya tsaya shi ma ya tsaya. Na san wannan sarai a takarda. Abin da ban taɓa tsayawa na auna ba shi ne lokacin da yake tsayawar. An lulluɓe ka da bargo kana da shekara 40, jini na gudu, sai ka kai 60, sanyi ya fara shiga ƙashi, sannan a yaye. Na koma gida a keke napep ina tuna fuskokin dattawan da na cire sunayensu, ɗaya bayan ɗaya.

Daga 2016 zuwa 2022 mun lallaɓa. Kuɗin sallama ya yi jinkirin fitowa. Fansho kuma irin na sabon tsarin nan ne na 2004, wanda ake yanka maka abin da aka tara a riƙa ba ka kaɗan-kaɗan, nawa ya tsaya a naira 61,000 a wata. Magani yana cin 9,000 zuwa 14,000. Akwai mai kemis a unguwarmu, ɗan abokina ne, yaron kirki, yana ba ni bashi zuwa ƙarshen wata. A tsakanin nan likita ya ƙara wa Hajiya allurar insulin, saboda ƙwayar ita kaɗai ta daina riƙe sugan. Insulin ba ya son zafi, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu kuwa ba sai an faɗa ba, ga wuta sai ta ga dama. Hajiya ta samo dabara. Ta zuba yashi a ƙaramar tukunyar ƙasa, ta jiƙa, ta ƙulle kwalbar a leda ta binne a ciki, ta ajiye a gindin randa. Safe da yamma tana yayyafa mata ruwa kamar mai renon shuka.

Sai 2023 ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Yawancin maganin da muke sha daga waje yake zuwa, musamman Indiya da Sin, wanda ake haɗawa a nan ma sinadarinsa da dala ake sayowa. A watan Agusta kamfanin magani na GSK ya ba da sanarwar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu asma suka ga abin shaƙarsu ya yi tashin gwauron zabi. Namu ba na kamfanin ba ne, amma guguwar ba ta bar kowa ba. Kowane zuwa kemis sabon farashi. Yaron nan har kunyar faɗa mini yake ji, sai ya rubuta a bayan kwali ya turo mini ba tare da ya ɗago ba. Littafina ya nuna 14,200 a Afrilun 2023, ya nuna 23,500 a Oktoba. Zuwa Fabrairun 2024, in za a sayi komai yadda likita ya rubuta, 38,000 ne. Fansho yana nan a 61,000 ko gezau. Ga masara, ga gawayi, ga jikoki biyu marayu da muke riƙo.

'Ya'ya suna taimakawa, kada in ci haƙƙinsu. Amma malamar firamare da tela da ɗan tireda nawa suke samu? Kuma ba uban da ke son ya zama shi ne kiran da ɗansa zai gani a waya gabansa ya faɗi.

A nan na zauna na yi lissafin nan. Na ce maganin Hajiya ba a taɓa shi, don suga ba ya ɓoye fushinsa. Kwana biyu ba allura za ka ga ƙishirwa da yawan fitsari da jiri. Nawa kuwa, me nake ji? Ba komai. Shekara 14 ina haɗiyar ƙwayoyin hawan jini biyu, amlodipine da lisinopril, ban taɓa wayar gari na ce yau ga hawan jinin nan ina jin sa ba. Sai na fara da ajiye lisinopril. Wata ɗaya ya wuce lafiya lau, na ce wa kaina ka gani ko. Na koma raba ɗayar biyu da reza. Daga nan yau a sha, gobe a huta. Ƙarshe sai ran da na ji ƙeyata ta yi nauyi. Na haɗa da zoɓo marar suga da tafarnuwa da ganyen zogale, kamar yadda ake ta faɗa a majalisa. Har wani sabon layi na ja a littafin, na rubuta "rara" a samansa, ina shigar da abin da na tsira da shi kowane wata.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda na ɓoye wa Hajiya. Ita ke kawo mini ruwa bayan karin kumallo. Sai in ɗauki katin maganin, in ɗan murza shi ya yi ƙara, in kai hannu baki, in kurɓi ruwa, in ɗaga kai sama kamar mai haɗiya. Da azumi ya zo wasan ya koma lokacin sahur. Wata biyar ina yi wa matar da muka yi shekara 40 da ɗoriya tare wannan wasan.

Kwana shida bayan ƙaramar sallah ta 2024 na fito alwalar asuba. Na ɗauki buta da hagu zan zuba a dama, sai butar ta suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa inda na aike shi. Na buɗe baki in kira Hajiya, abin da ya fito ba magana ba ce. Ina jin ladan yana kiran sallah, ina zaune a cikin ruwan da ya malale, ina kallon hannuna kamar na wani.

Maƙwabta suka taru. Wani ya ce shafar iska ce a kawo hayaƙi, wata tsohuwa ta ce a kira mai ruƙiyya. Babban ɗana, Allah ya yi masa albarka, ya ce addu'ar a yi ta a hanya, ya saɓa ni a kafaɗa ya sa a keke. Likitan da ya karɓe mu yaro ne, sa'an autana. Ya auna jinin, ya sake aunawa a ɗaya hannun, ya ce 210 bisa 120. Sai ya tambaya, "Baba yana shan maganinsa kuwa?"

Hajiya ta amsa da ƙarfinta: "Kullum, likita. A gabana yake sha."

Ina kwance ina ji. Harshena ya yi nauyi ba na iya gyara mata, kuma Allah ya sani, ko da yana motsi ban tabbata zan iya ba.

Littafin ne ya tona mini asiri. Likita ya ce a kawo sunayen magungunan da nake sha, aka aiki 'yata ta biyu gida, ita kuwa ta san inda komai yake a rubuce. Ta buɗe shafukan baya ta ga layin rara, ta karanta wa uwarta. Kwana biyu Hajiya ba ta ce mini uffan ba. Tana goge mini jiki, tana ba ni kunu a cokali, tana juya ni in na gaji da kwanciyar gefe ɗaya, amma ba magana. A dare na uku, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar fanka, ta ce, "Malam, ashe ruwa kake sha kana kallon idona?" Can ta ƙara da cewa, "Ɗan kunnen da ka hana a sayar, ga shi jiya an sayar. Kai kuma ga ka a kwance."

Kwana tara na yi a gado. Hoton ƙwaƙwalwa, gwaje-gwajen jini, allurai, kuɗin gado, abincin masu jinya, sannan wata uku ina zuwa gashin ƙashi. Bayan ɗan kunnen, ɗan filin da na saya a bayan gari da kuɗin sallama shi ma ya tafi. Da na samu sauƙi na sa aka tattaro mini rasiɗai na haɗa: 412,000. Layin rara kuwa, wata biyar cur, jimillarsa 31,400. Na rubuta lambobin biyu a shafi ɗaya na daɗe ina kallonsu. Da wani ƙaramin akawu ne ya kawo mini irin wannan aikin a ofis, da ya sha faɗa.

Kafin a sallame ni likitan ya zauna a bakin gadon ya yi mini bayani ba tare da ya kunyata ni ba. Ya ce hawan jini galibi ba ya ciwo, a ɓoye yake cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda, mai jiran ciwon kai kafin ya sha magani zai iya jira har abin ya riga shi. Ya ce ƙwayar ba warkarwa take yi ba, riƙewa take yi, kuma riƙon na yini ɗaya ne, tuwon jiya ba ya maganin yunwar yau. Na tambaye shi zoɓo fa, da bakina da ya karkace. Ya yi murmushi ya ce in sha abina in ina so, amma kada in ɗora masa aikin da ba nasa ba.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo daga wajen Kumo da ake kaiwa wankin ƙoda. Ɗansa ya ce mini shi ma da hawan jini abin ya fara. Sun sayar da shanu huɗu kafin in bar asibitin. Na ji daga baya, a 2025, gwamnatin tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocinta daga wajen 50,000 zuwa 12,000. Alheri ne, wanda ya ga abin da na gani ba zai raina ba. Amma na kasa daina tunanin ƙwaya nawa ta hawan jini tallafin wanki ɗaya zai saya, da kuma yadda muke da kuɗin kashe gobara amma ba mu da na gyara murhu.

'Yar nan tawa da ta tona ni ita ce kuma ta kawo maganar kati. Ashe tun 2020 hukumar inshorar ta ƙasa ta buɗe wani shiri, GIFSHIP, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su biya kuɗin shekara su shiga, har da 'yan fansho. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, NHIS ta koma NHIA. A jiha kuma ga GoHealth, hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa a zamanin Gwamna Inuwa Yahaya. Ƙofofi biyu a buɗe, ni da nake taƙamar sanin takardun gwamnati ina zaune ina raba ƙwaya da reza. Ba zan faɗi wadda muka shiga ba, don ba talla na zo yi ba.

Na ɗan yi turjiya da farko. Kalmar inshora tun muna samari muke jin malamai suna ɗari-ɗari da ita. (Lokacin da gwamnati ke biya mini ban taɓa tambayar halaccinta ba. Sai da aka ce in ciro daga aljihuna tsoron Allah ya kama ni.) Na tuntuɓi limamin masallacinmu bayan sallar isha'i. Ya ce, "Malam, kuɗin da ka zuba, in ba ka yi ciwo ba, ina yake zuwa?" Na ce a yi wa wani magani da shi. Ya ce, "To in kai ka yi ciwo fa?" Na ce a yi mini da na wasu. Ya ce shi dai a fahimtarsa bai ga komai a nan ba sai taimakon juna, amma in zuciyata ba ta kwanta ba in tambayi wanda ya fi shi. Ta kwanta. Yara suka haɗa kuɗin, aka ɗauki hotunanmu, muka jira wasu makonni kafin katin ya fara aiki.

Kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka wahala ta ƙare. Ranar asibiti tun bayan asuba muke fita, wani lokacin sai azahar. Maganin wata ɗaya ake bayarwa, don haka kowane wata sai an biya keke zuwa da dawowa. Ba za ka zaɓi kamfanin da kake so ba, wanda ke cikin jerinsu shi za ka karɓa. Tsinken awon suga da kuɗinmu muke saye. Sannan ga babbar: akwai watan da mai ba da magani zai ja layi a gefen takardar ya rubuta haruffa biyu, ma'ana babu, je ka saya a waje. A shekarar farko sau huɗu aka yi mana haka a kan insulin.

Da farko na ɗauka mugunta ce. Da na bincika yadda ake biyan asibitocin sai akawun da ke cikina ya yi shiru. A tsarin tarayya, shekara da shekaru naira 750 ake ba asibiti a kan kowane mutum a wata don kulawar matakin farko, ko ya zo ko bai zo ba. Dabarar ita ce masu lafiya su fi yawa, kuɗinsu ya rufe na marasa lafiya. To ka ƙaddara magani ya ninka sau uku, 750 tana nan inda take, masu zuwa kuma irina ne da Hajiya. Wace taga ce ba za ta ce babu ba? An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, kuma a asibitin da muke zuwa na ga "babu" ta ragu, ko da yake ba ta mutu ba.

Da shekara ta zagayo na rufe lissafi. Kuɗin katin mu biyu, da ɗan abin da muke biya a taga, da keke, da abin da muka saya a waje ran da aka ce babu, duka 231,000. Da a kemis muka yi shekarar, ya haura 500,000. Wannan riba ce a fili. Amma akwai wata ribar da ba ta shiga littafi, kuma a wurina ita ce babba. Da, kowace safiya ƙwayar nan kuɗi ce a tafin hannuna, in na ƙi haɗiyewa na tsira da wani abu, sai in tsaya ina ciniki da jinina. Yanzu an riga an biya tun farkon shekara. In na ƙi sha ba abin da zai dawo aljihuna. Katin ya rufe layin rara. Ga shi kuma dole in bayyana kowane wata, a naɗa mini abin awo a dantse ko ina so ko ba na so.

A majalisarmu ta bayan la'asar, inda rabinmu 'yan fansho ne, maganar nan ba ta ƙarewa. Wani tsohon hedimasta kullum cewa yake gwamnati ta ba duk wanda ya kai 60 magani kyauta kamar yadda ake yi a Ingila. Wani kuma, da ɗansa ke aikin asibiti a Amurka, sai ya ce a bi a hankali. Can ma, in ji shi, shirin lafiyar tsofaffi na Medicare tun 1965 yake, amma maganin da ake saye a kanti bai shiga ciki sosai ba sai 2006, bayan dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2003. Kuma ba kyauta ba ne, ana biyan kuɗin wata. Shekaru da yawa akwai wani rami a tsakiyar tsarin, in kuɗin maganinka ya kai wani adadi sai tallafin ya ja baya ka ci gaba da biya da kanka, har tsofaffinsu ma suna raba ƙwaya biyu kamar yadda na yi. Sai da wata dokarsu ta 2022 ta zo aka ƙayyade insulin a dala 35 a wata, a 2025 kuma aka ce abin da tsoho zai fitar daga aljihunsa a kan magani kada ya wuce dala 2,000 a shekara. Na buga lissafin a raina: wannan dala 2,000 da suke murna da ita ta kai fanshona na shekara huɗu.

Ni ina tsakanin su biyun. Na yi aikin kuɗi, na san ba abin da ake kira kyauta, wani ne dai ya biya. Ni da Hajiya asara ce ga asusun nan, abin da muke ci ya ninka abin da muke zubawa, kuma haka zai kasance har mu koma ga Allah. Wanda zai cike giɓin shi ne matashi mai lafiya, irin ɗana na huɗu, mai shekara 34, wanda ya sa kuɗi a katina da farin ciki amma ya ƙi yankar nasa, wai shi ba abin da ke damunsa. Dokarmu ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu, ta ce inshorar lafiya wajibi ce a kan kowa, amma doka a takarda take, ɗana kuma a shagonsa. Ɗayan mai cike giɓin gwamnati ce. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, daga nan ake yi wa marasa galihu rajista kyauta. A 2001 kuma, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Ni roƙona bai kai na hedimasta tsawo ba. A bar ma'aikaci a cikin jeri bayan ya ajiye aiki, ko da za a riƙa cire wani abu tun yana kan albashi don wannan ranar. Sannan magungunan nan na kullum, na hawan jini da suga, masu araha, a tabbatar tsoho zai same su a asibitin unguwarsu ba tare da ya zaɓa tsakaninsu da mudun masara ba.

Na ce asibitin unguwa ne saboda maƙwabcina, wanda duk layinmu ke kira Baffa. Ya girme ni da shekara biyar ko shida. Dako ya yi a kasuwar Tudun Hatsi har bayansa ya ƙi. Bai taɓa karɓar albashi ba balle fansho, sunansa bai taɓa shiga wani jeri ba balle a cire. Wata rana bayan magariba ya yi sallama ya ce, "Malam, ko akwai ragowar 'yar farar ƙwayar nan taka? Kaina ke sarawa." Na ba shi biyu. Da na faɗa wa likita a zuwana na gaba ya yi mini faɗa sosai, ya ce ba a rabon maganin hawan jini kamar goro, a kai shi a auna.

Na kai shi asibitin mazaɓarmu. Jininsa 180 bisa 105. Aka rubuta masa magani, na tambaya ko za a sa shi cikin masu rajistar kyauta, tunda dokar 2022 ta lissafa tsofaffi da matalauta cikin waɗanda za a tallafa wa. Aka ce ya kawo lambar katin ɗan ƙasa. Muka yi mako biyu muna neman takardar, aka same ta a cikin wata tsohuwar jakar Alƙur'ani. Da muka koma aka ce gurbin da aka ba su ya cika, sai an sake buɗewa. Sun rubuta sunansa a wani littafi, mai kama da nawa.

Kafin a buɗe, ni ke saya masa na wata a wurin yaron nan mai kemis, 2,300, na kuma buɗe masa layinsa a shafin baya. Hajiya ta ce ba za a ba shi kwalin a hannu ba, ta san halin maza. Kowace safiya jikanmu ke kai masa ƙwaya ɗaya da kofin ruwa, da umarnin kada ya dawo sai ya ga ta wuce. Ni ma haka take yi mini yanzu. Ta miƙo, in haɗiye, in buɗe baki, in ɗaga harshe, ta leƙa, sannan ta ɗauki kofinta.